Fesar gas, zuƙe iska ko gwajin azot: wanne za ka yarda da shi ranar da za a kafa maka kilim a Yamai?

Da zarar sanyin hunturu ya ja baya, masu sayar da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a Yamai ba sa samun zama. Mutum zai yi mako guda yana tambaya: wace marka ce ta fi ƙarko, doki ɗaya zai ishi falo ko sai ɗaya da rabi, nawa take ci a mita. Amma ranar kafawa sai ya miƙa ta ga duk wanda mai shago ya haɗa shi da shi, ya koma inuwa yana jiran a ce masa an gama. Alhali tsakanin ɗaure noti na ƙarshe da buɗe wa gas hanya akwai wani aiki da ba ya wuce awa ɗaya ko biyu a ƙaramar na'ura, kuma shi ne yake yanke hukunci: ko ta yi shekaru tana ba da sanyi, ko a fara kiran mai gyara tun damina ba ta sauka ba.

Ga yadda abin yake. Sabuwar kilim mai gida biyu tana zuwa da gas ɗinta a kulle cikin injin waje, an auna shi gram-gram a masana'anta. Bututun jan ƙarfe biyu da za su haɗa injin waje da na'urar ciki kuwa, iskar duniya ce cike da su, kuma ita ma na'urar ciki da zarar an cire mata murfi ta shaƙi tata. Kafin a saki gas cikin wannan hanya, tambayoyi biyu ne suke neman amsa. Ta farko: mahaɗan nan sun riƙe, ko akwai inda zai yi yoyo? Ta biyu: an fitar da iska da danshin da ke ciki? Masu kafawa a garin nan hanyoyi uku suke bi. Wani ya fesar da ɗan gas ya ce ya kori iska. Wani ya sa famfon zuƙe iska, abin da ƴan sana'a ke kira vid. Wani kuma ya fara matsa bututun da iskar azot, wadda wasu ke kira nitirojin, sannan ya yi vid. Mutane suna ɗaukarsu kamar hanyoyi uku ne masu kai wa gari ɗaya, bambancinsu kuɗi kawai. Ba haka ba ne. Azot tambayar farko yake amsawa, vid ta biyu, fesar gas kuwa ba ta amsa ko ɗaya yadda ya kamata.

Mu fara da fesar, tunda ita aka fi gani. Mai kafawa zai buɗe bawul ɗin siririn bututu na ƴan daƙiƙu, ya danna bakin awo na babban bututu, ka ji fuuu, ya rufe. Ba a yi minti biyu ba an gama. Ba ya buƙatar famfo, ba ya buƙatar wuta, kuma a zamanin tsohon gas ɗin kilim mai suna R-22 akwai littattafan na'urori da suka yarda da hakan. Shi ya sa manyan da suka koyi sana'a a wancan lokaci suka koya wa yaransu, su ma suka koya wa nasu. Ba mugunta ba ce, gado ne. Kuma idan ka yi musu magana suna da hujjar da ba za a raina ba: “Alhaji, iskar Yamai busasshiya ce, wane danshi ne zai shiga bututu a watan Afrilu?”

A watan Afrilu, gaskiya ne, danshi kaɗan ne. To amma a Agusta fa, lokacin da riga ke manne wa mutum a jiki? Kuma naɗin bututun da ya kwana a kasuwar Katako baki buɗe tun daminar bara, wa ya san abin da ya sha? Ko an ajiye maganar danshi gefe, ita kanta iskar matsala ce. Gas ɗin kilim yana zama ruwa a injin waje, ya koma tururi a na'urar ciki, da wannan juyi yake kwashe zafin ɗaki. Iska ba ta zama ruwa a wannan yanayi. Sai ta taru a injin waje ta cinye wuri, matsi ya hau, kwamfireso ya ƙara zafi, ya ƙara jan wuta. A garin da zafin rana a Afrilu da Mayu yake haura digiri 40 kusan kullum, injin waje dama a bakin iyakarsa yake aiki. Ɗan ƙarin matsin da ba zai dami na'ura a ƙasa mai sanyi ba, a nan shi ne zai sa ta yanke da ƙarfe uku na rana, daidai lokacin da aka saye ta dominsa.

Fesa ba ta share bututu tas, cakuɗa gas da iska take yi ta fitar da wani kaso. Kuma gas ɗin da ya fita babu wanda ya auna shi. Ƙaramar na'ura sau da yawa gas ɗinta bai kai kilo ɗaya ba, an lissafa shi don bututu mai tsawon da aka rubuta a littafinta, yawanci wajen mita 5. Ka fesar da wani abu daga ciki, tun ranar farko ta fara aiki da gibi. Na'urorin yau masu gas ɗin R-410A da R-32 kuma yawancinsu man kwamfiresonsu irin mai shan danshi ne sosai. Idan ya sha, sannu a hankali yana juyewa asid, asid ɗin ya ci rufin wayoyin da ke cikin kwamfireso. Wannan ba ya nunawa a mako ɗaya. Sai bayan an manta da wanda ya kafa, a wayi gari kwamfireso ya ƙone, a ɗora wa marka laifi ko a ɗora wa wuta. Danshin yana kuma iya daskarewa a siririyar hanyar da gas ke bi ya toshe ta, na'ura ta yi sanyi ta daina, ta huta ta sake yi. Littattafan sababbin na'urori sun hana fesa ƙarara. Akwai kuma haƙƙin sararin sama: kilo ɗaya na R-410A yana riƙe zafi kamar kilo 2,088 na iskar kabon, na R-32 kamar 675, shi kuwa R-22 yana cin rufin ozon, dalilin da ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka sa ƙasashe irin tamu su daina shi zuwa 2030. A ganina babu wani yanayi da ya kamata mai gida ya yarda da fesa a sabuwar na'ura. Idan mai kafawa bai zo da famfo ba, gara a ɗage aikin zuwa gobe.

Vid shi ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa, amma shi ma hawa-hawa ne, kuma a nan ne ake yawan rufe wa mutane ido ba tare da an yi niyya ba. Hikimar aikin ita ce, idan matsi ya sauka, ruwa yana tafasa ba tare da wuta ba. A matsin iskar duniya sai digiri 100. Idan famfo ya zuƙe bututu sosai, danshin da ya manne a bangonsa zai zama tururi a zafin da ake ciki, famfo ya ja shi waje. Zafin garinmu ma taimako ne a wannan wuri, domin bututu mai ɗumi ya fi saurin bushewa. Ana auna zurfin vid da mikiron. Iskar duniya mikiron 760,000 ce, abin da ake nema kuwa 500 ko ƙasa da haka, inda ruwa ke tafasa ko da sanyi ya kai kusan digiri 24 ƙasa da sifili.

Matsalar ita ce agogon awon da yawancin masu kafawa ke riƙe da shi, mai allura da tiyo ja da shuɗi, ba a yi shi don wannan awo ba. Duk faɗin vid an matse shi a ɗan tsagin da ke tsakanin sifili da bar ɗaya ƙasa da sifili (bar ɗaya kusan matsin iskar duniya ne). Allura za ta kwanta a ƙarshe cikin minti ɗaya ko biyu, kuma a wurinta mikiron 5,000 da 500 duk ɗaya ne. Littattafan ƙananan na'urori da dama suna cewa a bar famfo ya yi aiki minti 15 ko fiye, a rufe, a duba ko allura za ta dawo. Wanda ya yi haka da famfo mai kyau ya cika umarnin littafi, kuma ya fi mai fesa nesa ba kusa ba. Amma babban rami kaɗai allura za ta tona. Ƙaramin yoyon da zai ɗaga matsi daga 500 zuwa 3,000 cikin minti goma ba zai motsa ta ba, shi ne kuma irin yoyon da ke zubar da gas sannu a hankali.

Da ma'aunin mikiron na lantarki labarin ya sauya, domin lamba ce take magana. A zuƙe har ƙasa da 500, a rufe bawul tsakanin famfo da bututu, a zuba ido minti goma zuwa goma sha biyar. Idan lambar ta ɗan hau ta tsaya ƙasa da 1,000, bututu ya bushe kuma ya riƙe. Idan ta hau sama da haka sannan ta tsaya wuri ɗaya, sauran danshi ne, a ci gaba da zuƙa. Idan tana hawa ba tsayawa, iska ce ke shigowa ta wani wuri, ko a mahaɗin bututu ko a tiyon mai aikin kansa. Mai gida ba ya buƙatar sanin sana'a kafin ya karanta wannan, gani ya kori ji. Ka ce a nuna maka lambar lokacin rufewa da bayan minti goma sha biyar, ka ɗauki hotonsu a wayarka.

Sai famfon kansa. Wasu suna ɗaukar tsohon kwamfireson firiji su liƙa masa tiyo su mai da shi famfo. Dabara ce ta rashin kayan aiki, kuma yana jan iska, amma ba zai kusanci 500 ba komai daɗewarsa. Famfo mai hawa biyu ake so, mai tsaftataccen mai. Man da ya sha danshi da ƙurar hunturu har ya zama kamar madara ba zai bar famfo ya sauka ƙasa ba, a canza shi. Cire ɗan ƙwayar bawul da ke bakin awo da sa gajeren tiyo mai faɗi yana rage lokacin aiki ƙwarai. Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da wasu: ɗaukewar wuta a bazara. Idan wuta ta tafi famfo na tsakiyar aiki, vid ɗin da ke cikin bututu yana iya janyo man famfo ya shigar da shi ciki, sai dai idan famfon yana da bawul mai hana komowa. Saboda haka ba a kunna famfo a tafi cin abinci. Wani ya tsaya a kai, hannunsa kusa da bawul.

To idan vid mai ma'auni yana nuna yoyo, me ya rage wa azot? Abubuwa biyu ne, kuma dukansu manya. Vid komai zurfinsa bar ɗaya kawai yake ɗora wa mahaɗi, kuma daga waje zuwa ciki yake danna shi, har yakan matse bakin bututun da bai zauna daidai ba ya zama kamar ya riƙe. Gas kuwa daga ciki yake turawa. R-410A a zafin digiri 40, na'ura a kashe tana hutawa, matsinsa ya haura bar 20. Mahaɗin da ya ci jarrabawar bar ɗaya bai tabbatar da komai ba game da ashirin. Abu na biyu, vid zai gaya maka akwai yoyo, ba zai nuna maka inda yake ba, kuma kana nema yana shaƙo maka iska da danshi ta ramin. Azot busasshe ne, ba ya kama wuta, yana turawa waje kamar yadda gas zai yi. Ka shafa kumfar sabulu a kowane noti, inda ya yi ƙwai nan ne.

Ana yinsa ne bawul ɗin injin waje suna rufe. A ɗaga matsi mataki-mataki, a fara da kamar bar 5 a saurara, a kai 15 a shafa kumfa, sannan a kai matsin da littafin na'urar ya faɗa. A na'urorin R-410A da R-32 kamfanoni da dama suna rubuta kusan bar 40, amma abin da ke jikin farantin na'urar shi ne iyaka, kuma tsohuwar na'urar R-22 ba a kai ta can. Ƙaramar kilim ta bango rabin awa zuwa awa ɗaya ya wadatar, babban tsari mai na'urorin ciki da yawa akan bar shi awa 24. A nan yanayin Yamai yana iya ruɗa mutum. Azot yana bin zafi: kowane digiri ɗaya yana motsa matsi da kamar kashi ɗaya cikin goma na bar, ko ɗan fiye. Idan an cika bututu da azahar a bangon da rana ke duka, aka dawo da asuba zafi ya sauka da digiri 15, allura za ta nuna ragin bar ɗaya da rabi ko biyu alhali babu yoyo ko kaɗan. Akasin haka ya fi haɗari: a cika da sassafe, a duba da rana, zafi ya ɗaga matsi ya rufe ƙaramin yoyo. A rubuta zafin wurin tare da matsi a farko da ƙarshe, ko a duba a lokaci ɗaya na washegari.

Akwai gargaɗin da ba na so a wuce shi da sauri, domin maganar rai ce. Tulun azot a cike matsinsa yana kai bar 150 zuwa 200, ba a haɗa shi da bututu sai ta na'urar rage matsi. Kuma azot ake nufi, ba wata iska ba. Tulun oksijin na masu walda ya fi sauƙin samu a kowace unguwa, shi ya sa zuciya take raya wa yaron shago ya ara. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da man kwamfireso fashewa yake yi. Iskar injin masu faci ma ba ta halatta ba, cike take da ruwa, kuma cakuɗarta da gas a ƙarƙashin matsi tana iya kama wuta. R-32 yana ɗan kamawa, R-290 kuwa gas ne mai kamawa sosai, don haka murhun shayi da taba su yi nisa da wurin aiki.

Wanda ya sayi na'ura mai sanyi da ɗumi, wadda ke juya aikinta ta ɗumama ɗaki a daren Disamba da Janairu, shi ya fi kowa buƙatar azot. A ƙaramar kilim mai sanyi zalla, lokacin da take aiki bututun da ke tsakanin ciki da waje suna ɗauke da ƙaramin matsi ne, wajen bar 8 zuwa 10. Da an juya ta zuwa ɗumi, babban bututu shi ke karɓar tururi mai zafi kai tsaye daga kwamfireso, matsi ya ninka har sau uku, kuma notin nan yana zafi yana hucewa kullum. Mahaɗin da ya lallaɓa ya wuce bazara yana iya sakin gas a makon farko na ɗari.

Ga inda na tsaya idan za a zaɓa. Kilim ɗaya ta bango, sabuwa, mai sanyi zalla, bututunta bai wuce ƴan mitoci ba, mahaɗai huɗu duk a fili inda hannu ke kaiwa: vid da famfo mai hawa biyu da ma'aunin mikiron, a riƙe minti goma sha biyar, sannan bayan an saki gas a bi kowane noti da kumfa ko na'urar shinshina gas. Wannan abin karɓa ne, ko da yake in an sami azot ya fi. Amma da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya shigo, ba na ganin a yi ciniki a kan azot: bututu zai shiga cikin bango ko saman silin a rufe shi da siminti, an yi walda a tsakiya, tsawon ya yi yawa kamar a gidan bene, injin waje ɗaya ne ke ciyar da ɗakuna da yawa, na'urar mai ɗumi ce, ko wurin ba ya jure tsayawar sanyi, irin ɗakin ajiye magani. A gwada kafin magini ya shafe, domin neman yoyo bayan an yi fenti yana nufin fasa bango. Inda aka yi walda kuma, a bar azot yana ɗan ratsa bututu lokacin da wuta ke kansa, in ba haka ba baƙin ɓawo zai fito a ciki ya je ya toshe hanya.

Na'urar hannu da aka ciro daga wani gida, ko tsohon bututun da ake son sake amfani da shi, su ne suka fi wahalar sha'ani, domin ba ka san tsawon lokacin da suka yi baki buɗe ba. A nan ana zuƙewa, a cika da ɗan azot ya kwashe danshi, a sake zuƙewa, har sau uku. Haka ma duk aikin da aka yi a tsakiyar damina lambar ta ƙi sauka.

Maganar kuɗi ba a ɓoye take ba. Mai zuwa da tulu da famfo da ma'auni ya kashe jari, zai daɗe a gidanka, wataƙila ya dawo washegari, dole ladansa ya fi na mai fesa. Abin da za ka auna da shi shi ne kuɗin cika gas bayan yoyo, da kuɗin wutar da na'ura mai gibi ke ci tana aiki ba tsayawa, da kuɗin kwamfireso. Kilim ba mota ba ce da take shan mai: gas ɗinta zagayawa yake yi a rufaffiyar hanya, ba ya ƙarewa. Duk wanda ake ƙara wa gas kowace bazara, yoyo ne da shi da ba a taɓa nema ba.

Yawancin wannan yoyo kuma daga bakin bututu yake, inda aka faɗaɗa shi don ya zauna a mahaɗi. A yanke da abin yankan bututu, a kankare ƙaiƙayin bakin yana kallon ƙasa, a faɗaɗa sumul ba tsaga, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. A littattafai da yawa za ka ga 14 zuwa 18 N·m (awon ƙarfin ɗauri) ga bututu mai faɗin inci 1/4, 34 zuwa 42 ga 3/8, 49 zuwa 61 ga 1/2. Ɗaurin da ya wuce kima yana murƙushe bakin ya tsage, shi ya sa “na ɗaure shi tamau” ba amsa ba ce. Kafin ka shirya da mai kafawa, tambaye shi a waya: “Malam, da wane famfo za ka zo, kuma har mikiron nawa kake sauka?” Yadda zai amsa zai gaya maka da wa kake magana. Bayan an buɗe bawul biyu har ƙarshe, a mayar da murafunsu a ɗaure, domin su ma suna cikin abin da ke tare gas, a shafa musu kumfa a goge. Sannan ya rubuta maka a takardar garanti tsawon bututun, matsin gwaji da tsawon lokacinsa, lambar da vid ya tsaya, da gram nawa na gas aka ƙara idan bututun ya wuce tsawon da littafi ya yanke.